Amanar Baƙo da Haƙƙin Maƙwabci a Tarihin Damagaram

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa, a makon jiya wani matashi daga cikin ƴaƴanmu na Droum ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar. Ya ce gwamnati ta turo wani malamin makaranta Kirista garinsu, ya kama haya katanga ɗaya da gidansu, kuma kwanan nan mahaifiyar malamin ta rasu. Yaron yana so ya shiga ya yi masa ta'aziyya, sai wani abokinsa ya ce masa duk wanda ya yi haka ya yarda ke nan addinai duka ɗaya ne. Na ba shi amsa a tsaye, na ce ya je. Amma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin ta haɗa abubuwa biyu da malamanmu na da ba su taɓa cuɗa su ba: abin da muka yi imani da shi, da yadda muke zama da wanda bai yi imani da shi ba. Na ga ya fi kyau in bi ta tarihin ƙasarmu, tun da kakanninmu sun riga mu gamuwa da wannan tambaya.

Sarautar Damagaram ta samo asali daga wani malami Babarbare wanda tarihi ya riƙe da sunan Malam, a rabin farko na ƙarni na 18. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya kafa fada a Zinder, garin da a yau muke kira Damagaram kai tsaye. Ƙasar da wannan gida ya mulka ba ta Musulmi zalla ba ce. A birni akwai alƙali da liman da makarantun allo, amma ƙauyuka da yawa na Anna ne, waɗanda mutanen Kano ke kira Maguzawa: manoma da maharba da maƙera, masu yanka wa iskoki a gindin itace ko a kan dutse. Sun san Allah ne ya halicci sama da ƙasa, da sunansa suke rantsuwa, sai dai suna neman biyan buƙata ta hanyar da Musulunci ya kira shirka. Suna biyan haraji, suna kawo hatsi kasuwa, suna fita yaƙi in sarki ya yi gayya, kuma ba a san sarakunan Damagaram da bin ƙauyuka suna tilasta kalmar shahada da kaifin takobi ba.

Kada in yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Wannan ƙyalewa ba duka tsoron Allah ba ce, akwai lissafin mulki a ciki, kuma akwai zalunci mai yawa a gefenta. Hare-haren kamun bayi sun ci ƙauyukan Anna, wani lokaci har da na Musulmi. Amma akwai abin da ya kamata kowannenmu ya tsaya ya duba. Musulunci ya game ƙauyukanmu ne sannu a hankali, mafi yawa a cikin ƙarni na 20, ta hanyar fatauci da auratayya da almajiran da ke dawowa daga gabas, da malamin ƙauye wanda ke zaune cikin mutane yana raɗa sunan ƴaƴansu yana raba musu gardama. Da yawa daga cikin masu cika sahu a masallatanmu yau, in suka ƙirga kakanni huɗu ko biyar, za su iske wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba. Da malamin wancan zamani ya ƙi gaisawa da shi, ya ƙi shan ruwan randarsa, da wa zai kira jikokinsa salla?

Damagaram tana ƙarƙashin Barno a mafi yawan tarihinta, tana kai gaisuwa Kukawa, kuma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 bai ci ta ba. Hasali ma nan sarakunan Haɓe na Katsina da na Daura suka fake bayan an kore su, kuma daga nan Ɗan Kasawa ya tashi kafin a kafa Maraɗi. A wannan zamani ne aka yi muhawara ta wasiƙu tsakanin Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello, wadda Bello da kansa ya adana a littafinsa Infaƙul Maisuri. Shehu Laminu ya nemi a gaya masa hujjar yaƙar mutanen Barno alhali suna salla suna azumi. Ya yarda akwai yanke-yanke na al'ada da cin hanci da cin dukiyar marayu, amma ya ce waɗannan saɓo ne, ana samun irinsu a ƙasashen Musulmi har da Masar, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Bello ya mayar da cewa abin da ya jawo yaƙin shi ne Barno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar jama'ar Shehu. Ba ni ne zan raba gardamar waɗannan manya ba, Allah ya jiƙan su duka. Abin da ya ja hankalina shi ne dukansu biyu sun yarda cewa jinin mutum da dukiyarsa ba sa halatta sai da hujja, kuma hujjar sai an rubuta ta, an kare ta a gaban masana. Ba wanda ya ce fushi ya isa.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, shi ne lokacin da birnin ya ƙasaita. Ya kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a cikin gari, ayarin raƙuma na sauka a Zango da gishirin Bilma da hajar Tarabulus, suna komawa da fata da gashin jimina. Gari irin wannan ba ya rayuwa sai da amana, domin baƙo ba ya sauke kayansa inda ba a tsare masa rai ba. Cikin baƙin da suka ratsa Zinder a tsakiyar ƙarnin har da Nasara. Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya sauka a watan Janairu na 1851 a zamanin Sarki Ibrahim. An ba shi masauki, ya yi makonni yana yawo cikin gari, kowa ya san Kirista ne, kuma ya rubuta abin da ya gani har da harin bayi da ya ɓata masa rai. Ya bar garin lafiya, ciwo ne ya kashe shi a hanyar Kukawa a watan Maris. Abokin tafiyarsa Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karimu, ya iso a ƙarshen Disamba na 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu na 1853. Har yau ana nuna inda ya sauka a Birni.

Ina so mu bi wannan Abdul Karimu kaɗan, domin a kansa ne aka yi ɗaya daga cikin fatawoyi mafi daraja a ƙasashenmu. Daga Zinder ya bi ta Katsina ya kai wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya karɓe shi ya ba shi takardar aminci. Ya wuce Gwandu da Sayi, ya shiga Tumbutu a watan Satumba na 1853. Can ne asirinsa ya tonu, domin a ƙarshen hanyar ya ɓoye addininsa. Sarkin Masina Ahmadu, mai mulki daga Hamdallahi, ya aiko a kama shi ko a kore shi. Wanda ya tsaya a gabansa shi ne Shehu Ahmadul Bakka'i na gidan Kunta, jagoran Ƙadiriyya, wanda ba mai shakkar iliminsa ko riƙonsa da addini. Ya rubuta wa Sarkin Masina cewa wannan baƙo ya shigo da aminci, ƙasar da ta aiko shi ba ta yaƙi da Musulmi, manyan sarakunan Musulunci na wancan zamani suna da alkawari da ita, saboda haka taɓa shi yaudara ce da shari'a ta hana. Bai tsaya ga takarda ba. Ya fitar da baƙon zuwa zangonsa a bayan gari, ya tara mutanensa suka tsare shi wata da watanni, sannan a 1854 ya raka shi da kansa har Gawo. A duk tsawon zaman nan suna muhawara kan addini, Shehun yana kiran sa zuwa Musulunci, shi kuma bai karɓa ba. Ba wanda ya sauka daga aƙidarsa, kuma Shehun bai ce sai ka musulunta zan tsare ka ba.

Ba daga kansa ya ƙago wannan ba. Imamul Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a Masar a 1285, ya keɓe babi a littafinsa Alfuruƙ don raba abubuwa biyu: ƙaunar zuci ga addinin wanda ba Musulmi ba, wadda aka hana, da kyautata masa, wadda aka yi umarni da ita. Cikin kyautatawar ya ambaci tausasa wa mai rauninsu, ciyar da mai yunwarsu, tufatar da marar tufarsu, yi musu magana mai laushi, haƙuri da cutarwar maƙwabtaka, tsare mutuncinsu a bayan idonsu, da kare su daga mai zaluntarsu. Tushen wannan yana cikin aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, inda aka bambanta wanda ya yaƙe mu saboda addini da wanda bai yaƙe mu ba. Yana kuma cikin rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: ya tura sahabbansa Habasha wurin sarki Kirista saboda adalcinsa, ya karɓi tawagar Kiristocin Najrana a Madina suka yi muhawara ba su daidaita ba, aka rabu da yarjejeniyar aminci, ya je duba yaro Bayahude da ke jinya, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa.

Sai kuma shafin da ba ya da daɗin karantawa. A 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, ya iso Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. An karɓe shi, sannan ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa. Fada tana da dalilin tsoro, domin mutumin yana kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe, wanda ya rushe Kukawa a 1893, kuma ƙawance tsakanin Rabe da Faransa zai iya zama ajalin Damagaram. Kisan na siyasa ne, ba don addininsa aka yi ba. Duk da haka, a ganina, wanda aka ba masauki ko dai a tsare shi ko a sallame shi ya fita ƙasa, wannan ita ce hanyar da fiƙihu ya sani. Shekara ta zagayo, rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa. Ta afka wa Lugu, garin Sarauniya ta Anna, ta yi wa Birnin Ƙonni na Musulmi kisan gilla, ba ta tambayi kowa addininsa ba. Ragowar wannan runduna ce ta karya dakarun Damagaram a Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, aka kashe Kuran Daga a watan Satumba. Wanda ya zo da bindiga an yaƙe shi, kuma yaƙarsa daidai ne. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne Barth da Voulet duka Nasara ne a bakin mutanenmu, amma hukuncinsu a shari'a ya sha bamban kamar dare da rana, kuma abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya zo yi.

Kiristocin da muke zaune da su yau ba daga waccan runduna suka fito ba. Ƴan mishan na SIM sun buɗe tasharsu a Zinder a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda har yau mafi yawan masu jinya Musulmi ne. Wasu Kiristocin ƴan ƙasa ne, Hausawa irinmu, wasu zuriyar ma'aikata da ƴan kasuwa ne da suka zo daga Dahome da Togo da Najeriya tun Zinder tana babban birnin mulkin mallaka, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. A ƙidayar 2012 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba.

To, akwai abin da ya haɗa mu da su? Akwai, kuma faɗinsa ba ya rage imanin kowa. Tun da aka buga littafinsu da Hausa a 1932, da sunan Allah suke kiran Mahalicci, suna cewa Ubangiji, suna cewa addu'a da azumi da sadaka. Sun san Annabi Ibrahimu da Annabi Musa da Annabi Dawuda, sun yarda Maryamu ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya taɓa ta ba, suna jiran tashin ƙiyama da hisabi, sun haramta kisa da sata da zina da shaidar zur, suna girmama iyaye. Wannan ne ya sa Najjashi ya yi kuka da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam. Akwai kuma inda muka rabu, rabuwar da ba ta ɗinkuwa da daɗin baki. Mu mun ce Allah ɗaya ne, bai haifa ba, Isa bawansa ne kuma manzonsa, ba a gicciye shi ba, kuma Muhammadu ne cikamakin annabawa. Su ba su ce haka ba. Mai cewa duka ɗaya ne bai girmama ko ɗaya daga cikin addinan biyu ba, Kirista mai riƙo da addininsa ma ba zai yarda da shi ba. Haƙƙin maƙwabci bai taɓa rataya a kan sai an daidaita a aƙida ba. Da ya rataya a kai, da Shehu Bakka'i ya miƙa baƙonsa.

Da yawanmu muna tune da Juma'ar 16 ga Janairu 2015. Wata jarida a Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen izgili ga Fiyayyen Halitta, kuma duk zuciyar da ke da imani ta ji zafin abin. Bayan an sauko daga masallaci a Zinder zanga-zanga ta rikiɗe. Aka cinna wa majami'u wuta, da makarantar mishan, da shagunan Kiristoci da gidajensu, da cibiyar al'adun Faransa da ɗakin karatunta. Washegari wutar ta kama a Yamai, aka ƙone majami'u da dama. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Ɗaruruwan Kiristocin Zinder sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka shigar da su ɗaka suka rufe ƙofa. Waɗannan maƙwabta, ko sun san sunan Ƙarafi ko ba su sani ba, su ne suka yi aiki da littafinsa a ranar.

An bar jaki an doki taiki. Masu zanen suna Faris, ba ruwansu da coci, jaridarsu ta daɗe tana yi wa Annabi Isa da Maryamu irin wannan izgili. Kwana ɗaya kafin wutar Zinder, Fafaroma Francis ya faɗa a bainar jama'a cewa bai halatta a ci mutuncin addinin wasu ba. Gwamnatin Nijar ta hana sayar da bugun a ƙasar. Matar da ke sayar da kayan miya a kasuwar Dole, wadda aka ƙone wa ɗaki, ba ta taɓa ganin jaridar ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai, kuma a cikin Sahihul Buhari akwai gargaɗi mai tsanani cewa wanda ya kashe mutumin da ke cikin alkawarin aminci zai nisanta daga ƙanshin Aljanna. Ɗan ƙasa da muke riƙe da takardar haihuwa iri ɗaya da shi, muke biyan haraji ɗaya, alkawarinsa ya fi na baƙon ayari ƙarfi.

Akwai wani ɓangare na wannan rana da ban cika jin ana wa'azi a kansa ba, shi ne lamuni. Ba duk abin da aka taɓa ne ya ƙone ba. An kwashi kujeru da kwanon rufi da katifu da kekunan ɗinki da babura, wasu suka kira su ganima. Ba ganima ba ce, ƙwace ne, kuma shekaru ba sa wanke ƙwace. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan har suka ce Musulmin da ya zubar da giyar wanda ke cikin amana, wadda bai fito da ita fili ba, sai ya biya shi ƙimarta, alhali giya ba dukiya ba ce a wurinmu. To ina ga ƙofar ɗaki da buhun hatsi? Duk wanda ya san akwai irin wannan kaya a gidansa, ko ya sayar ya ci kuɗin, ko hannunsa na cikin ƙona dukiyar wani, istigfari kaɗai bai sauke masa ba. Sai ya mayar da abin ko ƙimarsa ga mai shi, ko ga magadansa in ya rasu, ko ya nemi yafewarsa. In yana jin kunya ko tsoro, ya bi ta hannun limami ko mai unguwa a kai ba tare da an ambaci sunansa ba, shari'a ba ta sharɗanta tonon asiri ba. In an yi nema mai shi bai samu ba, ya tambayi malami yadda zai fitar da ita daga dukiyarsa.

Shi kuwa ɗanmu mai tambaya, ga abin da na ƙara masa. Ya shiga ya gaishe da maƙwabcinsa, ya ce masa sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da aka bari. Ba zai roƙa wa mamaciyar gafara ba, ba zai shiga ibadarsu ba, kuma maƙwabcin ba zai sa ran haka daga gare shi ba. In an kawo abinci na halal ya ci, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta yi bayanin abincin Ma'abota Littafi. In mutanen gidansu sun dafa tuwo su aika, kamar yadda ake yi wa kowane gidan makoki a garin nan, tun da malamin baƙo ne, danginsa suna nesa. Na kuma ce masa ya tafi da abokin nasa in ya yarda.

Allah ne Mafi sani.